Me ya sa makiyayar tsaunin Mambila take lalacewa alhali ruwan sama na wadata?

Ɗan Jalingo:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani daga waɗanda suka san tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Wuri ne mai sanyi, damina tana daɗewa, kuma babu ƙudan tsando a samansa, amma duk wanda ya bi hanyar Maisamari zuwa Nguroje da Gembu zai ga gangaren tuddai sun yi layi-layi da sawun shanu, wasu wuraren ma jar ƙasa ta fito fili. Shin yawan dabbobi ne kaɗai ya jawo haka?

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Malam, rashin tsandon da ka ambata shi ne mafarin lamarin, domin shi ya jawo garkuna suka yi ta hawa tsaunin tun zamanin Turawa, kuma da yawansu suka zauna dindindin. Saniya tana zaɓen abin da za ta ci. Idan tana komawa kan ciyawa mai daɗi duk lokacin da ta yi toho, ciyawar ba za ta kai ga zubar da iri ba, saiwarta kuma ta raunana, sai wata mai tauri wadda dabba ba ta so ta maye gurbinta. Shi ya sa za ka hango tudu kore shar, amma shanun da ke kansa ba su ƙoshi ba. Ga kofato yana danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga, sai ya bi turbar shanu da gudu, a kwana a tashi turbar ta zama kwazazzabo. A ganina rashin hutun ƙasa ya fi yawan shanun illa.

Jikan Ardo:
Malamin Dabbobi ya faɗi gaskiya, sai dai kada a ɗora wa makiyayi laifin shi kaɗai. Masu hali sun kewaye manyan filaye da waya, gonaki sun ci fadamun da shanu ke sauka da rani, an kuma dasa itatuwan turare a wurare da dama. Mai ƙaramin garke ina zai nufa, in ba gangaren da ya rage ba?

Manomin Kakara:
Ni ƙonan daji ne ya fi damuna. Ana cinna wuta da rani don a samu sabon toho, sai ruwan farko ya tarar da ƙasa tsirara, ya kwashe ta zuwa rafuka da gonakinmu na kwari. Har dajin Ngel Nyaki wutar takan taɓa gefensa.

Malamin Dabbobi:
Duka biyun haka suke. Abin da zai yi aiki shi ne ardo-ardo da masu unguwanni su amince a keɓe gangaren da ya fi tsayi na tsawon damina guda, a yanka ciyawa a adana tun tana ɗanya, kuma a sayar da wasu bajimai kafin rani ya ramar da su.