Linzamin taɓawa yana aiki a Windows amma Linux ba ta ganinsa: daga ina babbar manhaja take samun labarin na'urori?

Mai gyara, Garwa

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina da ƙaramin shagon gyaran kwamfuta a nan Garwa, kuma mafi yawan abin da yake zuwa hannuna kwamfutocin gwanjo ne da ake shigowa da su ta Duwala. A makon jiya wata ɗaliba ta kawo mini laftof ɗinta, ta nemi in cire Windows 10 in sa mata Linux saboda darasin da suke yi a makaranta. Kafin in taɓa ta, linzamin taɓawa da yake ƙasan madannai yana aiki lafiya lau. Da na gama, allo da sauti da intanet da madannai duk suka tashi, sai shi kaɗai ya yi shiru.

Na ba da umarnin lspci da na lsusb, masu lissafa na'urorin da suke kan hanyoyin haɗi na PCI da na USB, ban gan shi a ko ɗaya ba. Na kwance murfin, na zare siririn kebul ɗinsa, na goge ƙurar da ta taru a bakin soket, na mayar, babu canji. Da na sa faifan gwaji mai Windows kuwa, nan take ya kama aiki, wato na'urar lafiyarta ƙalau.

Tambayata ta wuce wannan kwamfuta guda. Idan na'ura ba ta kan PCI kuma ba ta kan USB, wa yake gaya wa babbar manhaja, wato Windows ko Linux, cewa tana nan, da adireshin da za a same ta, da layin da take bi ta kira furosesa? Ba na son in ɗaura wa yarinyar linzamin waje in sallame ta alhali ban fahimci abin da ya faru ba.

Malamin lantarki, Marwa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi tambaya mai kyau, kuma gwajin da ka yi da faifan Windows ya rage mana rabin aiki.

Na'urorin cikin kwamfuta kashi biyu ne. Akwai masu iya gabatar da kansu: na PCI suna da wani fili da babbar manhaja take karantawa ta ga lambar masana'anta da girman wurin da suke bukata, na USB kuma suna miƙa bayaninsu da zarar an jona su. Akwai kuma waɗanda ba su da bakin yin haka, kamar madannai, da batir, da maɓallin kunnawa, da duk abin da yake kan layin I2C, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro tun 1982. Linzamin taɓawa na laftof da yawa na wannan zamani a kan I2C yake, shi ya sa lspci da lsusb ba za su taɓa nuna maka shi ba ko da yana aiki. Irin waɗannan sai an yi musu shaida, mai shaidar kuwa ita ce manhajar da masana'anta ta dasa a jikin katmer, wato babban allon da ake jona sassan kwamfuta a kansa, wadda muke kira BIOS ko UEFI.

Yaren da ake ba da shaidar da shi sunansa ACPI. Intel da Microsoft da Toshiba ne suka fitar da shi a 1996, kuma tun 2013 yana hannun ƙungiyar da take kula da UEFI. Idan ka kunna kwamfuta, BIOS yana ajiye wasu jadawalai a cikin RAM, ya bar alamar inda suke, wadda ake kira RSDP. Babbar manhaja tana bin alamar zuwa XSDT, wanda jerin adireshin sauran jadawalai ne, daga nan ta kai ga FADT, shi kuma ya nuna mata DSDT. A cikin DSDT da ƙannensa SSDT ne aka zayyana na'urori ɗaya bayan ɗaya kamar rassan bishiya.

A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta, don haka bari in ɗan tsaya. DSDT ba jerin sunaye ba ne kawai da ake karantawa a wuce. Akwai ƙananan shirye-shirye a cikinsa, an rubuta su da wani harshe mai suna AML, kuma babbar manhaja ce da kanta take gudanar da su, domin tana ɗauke da tafinta a cikinta. Idan ta isa kan wata na'ura sai ta karanta _HID da _CID ta san wace iri ce, ta san direban da zai dace da ita. Sai ta kira _STA ta ji ko na'urar tana nan: amsar 0x0F tana nufin tana nan, a kunne take, a nuna ta, kuma tana aiki, amsar sifili kuwa tana nufin babu ita. Bayan haka ta kira _CRS, wanda yake faɗar abin da na'urar take riƙe da shi a halin yanzu. Madannai misali ne mai sauƙi, domin lambarsu PNP0303, ƙofofinsu 0x60 da 0x64, layin kiransu kuma IRQ 1. Linzamin I2C yakan zo da PNP0C50, kuma _CRS ɗinsa yana faɗar wace na'urar I2C ce uwar ɗakinsa, da adireshinsa a kan layin, da ƙafar GPIO, wato wayar aika sigina, da yake jijjigawa idan yatsa ya taɓa shi. Wannan salon bayani ya shigo ne da ACPI 5.0 a 2011.

Tunda _STA shiri ne ba rubutu tsayayye ba, yana iya ba Windows amsa ɗaya ya ba Linux wata. Idan ya ce sifili, Linux ba za ta je ta ƙwanƙwasa ƙofa ta duba ba, za ta gaskata ta wuce.

Tsohon mai gyara, Injamena

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni dai shawarata, ɗana, kafin ka nutsa cikin jadawalai ka shiga saitin BIOS ka duba, domin wasu laftof suna da zaɓi na yadda linzamin zai bayyana, ko dai ta tsohuwar hanyar PS/2 ko ta I2C, kuma na sha ganin wannan zaɓi kaɗai ya kashe magana.

Mu da muka fara sana'ar nan a zamanin katunan ISA mun san wahalar da ACPI ya ɗauke mana. A da, da hannu muke raba waɗannan abubuwa, muna cire ƙananan filogi a jikin kati muna matsar da su da hantsaki. Cikin soket ɗin jona na'urorin waje, COM1 yana 0x3F8 da IRQ 4, COM2 yana 0x2F8 da IRQ 3, katin sauti yakan nemi IRQ 5, kuma idan biyu suka haɗu a layi ɗaya sai kwamfuta ta sandare. Abin da Malam bai taɓo ba shi ne, babbar manhaja ba tambaya kaɗai take yi ba, tana kuma rabawa. Ga na'urar da ake iya sauya wa wuri akwai _PRS, mai lissafa duk zaɓin da za ta iya karɓa, da _SRS, wanda babbar manhaja take kira ta ce ga wanda na zaɓa miki, da _DIS na kashe ta. Haka nan _PRT yake nuna yadda layukan kiran na'urorin PCI suke isa ga furosesa. Saƙon kuskure mai lamba 12 da Windows take nunawa a jerin na'urori yana nufin wannan rabo ne ya gagara.

Idan saitin BIOS bai nuna komai ba, kwafo fayil ɗin DSDT daga /sys/firmware/acpi/tables, ka ba da umarnin iasl -d a kansa, zai mayar maka da shi rubutun da mutum yake iya karantawa. Nemi PNP0C50 a ciki ka karanta abin da yake kewaye da shi.

Ɗalibar injiniya, Ngaundare

Ina gaishe da iyayena malamai. Da izininku zan ƙara abu ɗaya a kan maganar Malam ta cewa _STA yana iya bambanta amsa. Hanyar da BIOS yake gane wanda yake magana da shi ita ce _OSI, kuma a nan tambayar juyawa take yi: BIOS ne yake tambayar babbar manhaja ko ta san "Windows 2009", wato Windows 7, ko "Windows 2012", wato Windows 8, ko "Windows 2015", wato Windows 10. Linux tana amsa e ga waɗannan da gangan, domin masana'antu da Windows suke gwada kayansu, kuma hanyar da aka gwada ita ce mafi aminci. Saboda haka a bisa al'ada bai kamata a ɓoye mata linzamin ba, sai dai idan wani ya canza amsar da take bayarwa.

Yayana mai tambaya, don Allah ka ba da umarnin cat /proc/cmdline, mai nuna layin umarnin da Linux ta tashi da shi, ka gaya mana abin da ka gani. Sannan Linux ɗin nan, daga sabon filas ka girka ta, ko kuwa kwafin faifan wata kwamfuta ka zuba?

Mai gyara, Garwa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba na Injamena, na duba saitin BIOS, wannan kwamfuta ba ta da zaɓin. Na kwance DSDT kamar yadda ka ce, na sami na'urar, adireshinta a kan I2C 0x15 ne, kuma a cikin _STA ɗinta akwai sharaɗi ƙarara: idan wata ma'ajiya mai suna OSYS, wadda BIOS yake cikawa bisa amsar _OSI, ta kai 0x07DC a mayar da 0x0F, in ba haka ba a mayar da sifili. Da na juya 0x07DC zuwa lissafinmu na yau da kullum sai na ga 2012 ce.

Ƙanwata, tambayarki ce ta kai ni ga bakin zaren. Kwafin faifai na zuba, domin ina da wani da na shirya tun shekarun baya don rage cin data da jiran wuta. A layin tashinsa akwai acpi_osi=! da acpi_osi="Windows 2009", waɗanda na sa da hannuna domin gyara maɓallan hasken allo na wasu tsofaffin kwamfutoci, har na manta da su. Ashe ni ne na sa Linux ta ce wa BIOS ita Windows 7 ce, shi kuma ya ɓoye mata na'urar da bai shirya wa Windows 7 ba. Na goge su a saitin GRUB, manhajar da take tayar da Linux, na sake kunnawa, kibiyar ta motsa tun a allon shiga. Yarinyar ta zo ta karɓi kayanta jiya bayan la'asar.

Abin da ya rage mini shi ne tsofaffin kwamfutocin da na sa layin dominsu, don har yanzu ana kawo mini irinsu.

Malamin lantarki, Marwa

Madalla, ƙanena. Game da tsofaffin, kada ka mayar da layin cikin kwafin da kake zuba wa kowa, domin acpi_osi=! yana shafe duk amsoshin sunayen Windows ne gaba ɗaya, kuma ba linzami kaɗai ya dogara da su ba, a wasu kwamfutocin har sarrafa wuta da yadda suke shiga barci suna bin wannan ma'ajiya. Fara da acpi_backlight=native ko acpi_backlight=vendor a kan kwamfutar da take da matsalar ita kaɗai, tunda hasken allo kawai suke taɓawa. Idan duka biyun suka ƙi, turo mana abin da umarnin dmesg, mai nuna saƙonnin da Linux take rubutawa, ya fitar game da ACPI tare da ɓangaren _BCM na jadawalinta, wanda yake saita hasken allo, mu duba tare.