Neman shawara: na sayi tsohuwar Marsandi 280SL da ta daɗe a ajiye, ta ƙi tashi

Ɗan Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin mota don Allah ku taimaka min, kaina ya ɗaure. Na sayi wata tsohuwar Marsandi 280SL ƙirar 1980, mai ƙofa biyu, irin wadda ake cire rufinta, a wani gida a Rayfield nan Jos. Kafin wani ya ce me ya kai ni, bari in yi bayani. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne a wani kamfanin kuza a Bukuru, kuma maigidansa yana da irin wannan motar, ruwan madara. Ranar Asabar Baba kan zo da ita gida ya wanke a ƙofar gida, mu yara mu zagaye ta muna leƙen agogunan ciki, ba mai ikon taɓawa. Idan ya gama sai ya goge alamar gaban nan da hularsa. Sau da yawa na roƙe shi ya zagaya da ni ko zuwa Terminus ne, sai ya ce motar mutane ce, amana ce. Har ya rasu ban taɓa zama a cikinta ba. To da wani abokina ya ce ya ga irinta a lulluɓe da tamfol, ban ma yi wani dogon ciniki ba.

Yanzu ga matsalar. Mun sa mata sabon batir, mun ƙara fetur galan ɗaya a kan wanda ke ciki, muka yi ta ba ta ki. Injin yana juyawa amma ba ta kamawa. Yaron makanikina ya tsiyaya fetur ta wajen shan iska, ta tashi ta yi ƙara kamar za ta zauna, sai ta mutu. Wani wari take yi kamar na tsohon fenti. Bikin ƙanwata wata mai zuwa ne a Abuja, kuma na riga na faɗa wa dangi da ita zan je. Me zan yi?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai cire makullin nan ka sa a aljihu, kada ka sake ba ta ki. Warin da ka ji fetur ne ya ruɓe ya zama danƙo. Motarka ba kafireto gare ta ba, injekta ce irin ta Bosch da ake kira K-Jetronic, kuma ba kwamfuta ke sarrafa ta ba, ƙarfin matsin mai ne kawai, wajen "bar" 5 a agogon gwada matsi. A kan injin akwai wani kai da ke raba mai zuwa silinda shida, cikinsa da ɗan sandan ƙarfe da ke hawa da sauka a rami mai matsi ƙwarai. Ƙwayar tsatsa ɗaya ta isa ta cije shi. Duk ki ɗin da ka ba ta, idan famfon yana aiki, dattin tanki ka tura can. Tashin da ta yi da aka tsiyaya mata fetur albishir ne, ya nuna wuta tana zuwa kuma injin bai cije ba. Amma yaron nan ya daina, idan ta yi tari ta baya za ta iya lanƙwasa faifan awon iska, ko ta kama da wuta. Shekara nawa ta yi a ajiye? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Gangare:
Baba, sun ce tun rasuwar mai ita ba a tayar da ita ba. Amma a cikin gareji take, ba a rana ba, kuma ai sanyin Jos ba ya lalata kaya kamar zafin Abuja. Mun duba baƙin mai kafin mu kunna, yana nan cif, ba da ka muka yi ba.

Tsohon Bakanike:
Yaushe ya rasu? Amsar ke nan da nake nema. Ganin mai a sanda ba shi ne ba, man da ya shekara goma a kwance ya tsiyaye daga saman inji gaba ɗaya. Da ni ne, filogi zan fara cirewa duka shida, in ɗiga mai kaɗan a kowane rami, in bar shi ya kwana, sannan in juya injin da hannu da sipana ta gaban kuransha, wato babban sandan da injin ke juyawa, ta ɓangaren da yake juyawa kawai, ba a mayar da shi baya saboda sarƙar da ke cikin injin. Wannan ya wuce tunda kun riga kun juya. Abin da ya rage: a sauke tanki a wanke, a canza rariyar da ke gindinsa, a canza filta da duk tiyon roba na mai. Famfo da filta suna ƙasan motar ta baya, kusa da tanki. A zubar da baƙin mai da ruwan lagireto, a sa sababbi. Injin nan M110 ne, bawul ɗinsa da hannu ake saitawa, a buɗe murfin sama a gwada. Na yi aikin irinsa tun kafin a haifi rabin mutanen da ke nan.

Na Apo:
Oga, da girmamawa, wannan duk dogon turanci ne. Wa zai gyara masa wannan injektar a yau? Masu iyawa sun tsufa ko sun rasu. Injin ɗaya ne da na 280S, ita kuwa da kafireto ta zo. A nemo manifol da kafireto na Beljiyam a ɗora, a sa ƙaramin famfo, kowane makaniki a bakin titi zai iya taɓa ta. Ko kuma a cire injin baki ɗaya a sa na V-boot. Ka ɗora ta a janwe ka kawo Apo, wajen makanikai a Abuja, kwana kaɗan ka ji ta tana silo.

Tsohon Bakanike:
Ka ji irinta ko? Haka kuka kashe Marsandi a ƙasar nan. Mota ta zo da injinta na asali, lambarsa a takarda, ka ce a cire a jefar. Ranar da aka cire shi darajarta ta faɗi. Injektar nan ba aljani ba ce, agogon gwada matsi take so da haƙuri. Injin ɗaya ne kuma da na 280E, kayanta ba su ɓace daga duniya ba.

Na Apo:
Haƙuri da kuɗin wa? Shi fa biki gare shi.

Ɗan Dilimi:
Ni dai kashedi zan yi maka, ɗan uwa. Kada ka bar ta ta kwana a garejin kowa. Na taɓa kai tsohuwar 230E ɗina wajen wani, wai zai duba min wayarin, sai da ta shafe damina a can. Da na je ɗauka an canza min kikstata da altaneta, fitilun baya ma ba nawa ba ne, ya rantse haka na kawo ta. Daga baya na ga fitila irin tawa sak, da tsagewar da na sani, a kan tebur ana sayarwa. Har yau idan na tuna raina ɓaci yake. A zo a yi maka aikin a gida, kana zaune a kan benci kana kallo. Filta da filogi da fanbel za ka samu a nan kasuwar Dilimi ta Jos, manyan kayan sai an aika Ladipo a Legas ko a duba Panteka a Kaduna.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tambayata ɗaya ce, uwargida ta san nawa ka saya? Maigidana ya kawo wata Peugeot 504 wai zai tayar da ita ta tuna masa da babansa. Yau kaji ke ƙwai a ciki, ɓeraye sun cinye kujeru, ta tare min wurin shanya. Duk wata sai an ce saura abu ɗaya. Kuɗin makarantar yara kuwa sai na yi ta magana. Kuma malam, mota mai kujera biyu, ina ƙawayen amarya za su zauna?

Ɗan Gangare:
Hajiya, ba daga kuɗin cefane na cire ba, fili na sayar. Kuma ba ɗaukar amarya zan yi ba, a bayan ayari kawai zan bi.

Direban Hanyar Akwanga:
Kowa yana maganar inji, ba wanda ya ce birki. Alhaji, da wannan motar za ka gangara Hawan Kibo? Ni kullum a hanyar nake, na ga abin da gangaren nan ke yi wa motocin da birkinsu ke da lafiya ma. Man birki yana shan danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Wanda ya daɗe haka, da ya yi zafi a gangare sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. Tiyon birki kuma yakan kumbura ta ciki, waje lafiya lau, ya riƙe taya ya ƙi saki. Sannan ka duba gefen tayoyin, akwai lamba bayan rubutun DOT. Idan huɗu ce, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan uku ce, an yi tayar kafin shekarar 2000, ko zanenta sabo ne fil kada ka hau titi da ita.

Tsohon Bakanike:
Ai da zan zo kan birki, tsari nake bi. Gaskiya ya faɗa, a canza tiyo huɗun, a buɗe kalifa, wato abin da ke matse birki a taya, a duba masta mai tura man birki. Amma akwai abin da ba wanda ya sani a nan sai wanda ya yi aikin wannan ƙirar. An yi motoci masu irin wannan jikin daga 1971 zuwa 1989, kuma ciwonta ɗaya ne duk tsawon shekarun: tsatsa a bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, ƙarƙashin murfin fankar hita, gaban gilashi. Ganye ya toshe magudanar, ruwa ya kwanta, ƙarfe ya ruɓe ba ka gani. Ɗaga kafet ɗin wajen ƙafa ka taɓa. Idan da danshi ko jan ƙasa-ƙasa, to aikinka na mai walda ne kafin na makaniki. Ka sa a duba ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba ma, yakan tsage.

Ɗan Gangare:
Na ɗaga kafet ɗin ɓangaren direba yanzu. Akwai ɗan ja kaɗan da kashin ɓera, amma na danna da yatsa bai fashe ba. Ina ganin na sama ne kawai. Tayoyin kuma da muka ba su iska sun tsaya, ban ga lambar ba don duhu ya yi. Fentin motar fa ko ƙwarzane babu, mai ita mutum ne mai tsafta.

Malamin Islamiyya:
Afuwan, ni ban san inji ba. Ka ce mai motar ya rasu. Wa ya sayar maka? An raba gado, ko ɗaya daga cikin 'ya'yan ne ya karɓi kuɗi? Idan akwai magada da ba su sani ba, musamman mata ko marayu, cinikin da sauran magana. Ka nemi takarda da sa hannunsu da shaidu, da takardun motar na asali, kafin ka zuba mata ko sisi. Jami'an hanya ma za su tambaye ka tun kafin ka kai Keffi.

Ɗan Gangare:
Malam, babban ɗan ne ya sayar min, mutumin kirki ne, ya ce zai nemo takardun a cikin kayan marigayin. Ban ga dalilin zarginsa ba.

Maman 'Yan Biyu:
"Zai nemo." Haka aka ce mana.

Na Apo:
Ka ɗora ta a janwe kawai, ka ga ka huta da maganar Hawan Kibo. Mu gyara a nan, ka shiga biki da ita daga Apo.

Tsohon Bakanike:
Ya kai muku ku yanke mata wayoyi? Ɗana, ka manta da bikin nan, ka shiga motar haya. Wannan aikin wata uku ne idan an samu kaya, kuma ba na ce wata uku don in tsorata ka ba. Fara da tanki. Ka turo min hoton kan rabon man da na ƙarƙashin murfin hita, kuma har yanzu ba ka gaya min shekarar da mutumin ya rasu ba.

Ɗan Gangare:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Zan tambayi shekarar. Amma yaron makanikina ya ce ba sai an sauke tanki ba, wai za mu iya sa tiyo daga jarka kai tsaye zuwa famfo mu ga ko za ta tashi, in ta tashi sai a yi birki a mako guda. Gobe da safe zai zo da jarkar. Akwai wanda ya taɓa gwada haka?