Kuwantum ko Ɓarakar Yau: Ina Kuɗin Binciken Tsaro Ya Kamata Ya Nufa?

Injiniya: Jama'a, a yi mini afuwa, ni a ganina kaso mafi tsoka na kuɗin binciken tsaron intanet shirin zuwan kwamfutar kuwantum, wato sabon nau'in kwamfutar da ake ƙoƙarin ƙerawa wadda za ta iya wasu lissafai da suka gagari kwamfutocin yau, ya kamata ya ci. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa in irin wannan na'ura ta ƙosa, za ta kwance sirrin RSA da ake kulle saƙonni da shi. Mai haƙuri kuwa yau zai kwashi saƙon a kulle ya ajiye, ya jira ranar da mabuɗi zai samu.

Dakta: Injiniya, ban musa ba, amma ai wannan aikin ya yi nisa. Hukumar NIST ta Amurka ta buɗe gasar neman sabbin hanyoyin kulle saƙo da kuwantum ba za ta iya kwancewa ba a 2016, ta fitar da ƙa'idoji uku a Agustan 2024. Ni abin da ke hana ni barci shi ne manhajojin kyauta da duniya ta jingina a kansu, alhali 'yan sa-kai ne ke riƙe da su. Ka tuna xz, manhajar matse fayiloli, a Maris 2024? Wani ya ɗauki shekara biyu da wani abu yana lallaɓa mai kula da ita, mutum ɗaya tal da aiki ya sha wa kai, har ya samu amana ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa. Wani injiniyan manhaja, Andres Freund, shi ne ya lura shiga kwamfuta daga nesa ta hanyar SSH ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu. Rabin daƙiƙa fa! Da bai da naci, da tuni an shiga uku.

Injiniya: Ya yi nisa kika ce, ranki ya daɗe? SIKE, ɗaya daga cikin sabbin hanyoyin kullewar, har zagaye na huɗu ta kai a gasar nan, a 2022 masu bincike biyu a Beljiyam suka fasa ta da kwamfuta irin tamu cikin kusan awa guda. Sabon lissafi yana buƙatar masu gwada ƙarfinsa, su kuma ba iska suke ci ba.

Malama: Ku biyun nan na'ura kawai kuke kallo. Microsoft ta fitar da gyaran wata ɓaraka a Windows a Maris 2017, muguwar manhajar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta ɓarke a Mayu ta durƙusar da asibitoci a Ingila. Magani na nan, ba a sha ba. Wa ake biya ya binciko abin da ke hana ma'aikatu sabunta na'urorinsu?

Auta: Manya, in ɗan sa baki. Microsoft ɗin ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar da take toshewa daga kuskuren sarrafa ma'adanar kwamfuta ne. Me zai hana a zuba kuɗi a sake rubuta tsofaffin manhajoji da Rust, harshen rubuta manhaja da ke kare irin wannan kuskuren?

Dakta: Auta, ka yi magana, amma wa zai yi rubutun? 'Yan sa-kan nan dai. Mun dawo kan maganata ke nan: a biya su.

Injiniya: A biya su, na yarda. Amma kada a taɓa kason masu lissafi.