Kafin a ce yaro daƙiƙi ne, a duba kunnensa da idonsa

Malamar aji biyu: Assalamu alaikum. Yaron da ya shekara biyu a makaranta bai iya haɗa baƙi da wasali ba, kuma sai an kira shi sau uku yake waiwayowa, ta ina ake fara masa?

Ma'aikaciyar lafiya: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da kunne. Ki tsaya bayansa, tazarar tsawon hannu, don kada ya karanci leɓenki. A toshe kunne ɗaya da yatsa, ki raɗa lambobi uku, misali 4, 9, 2, ya maimaita. Sau biyu a kowane kunne. In bai kama uku cikin shida ba, a kai shi asibiti. Ki tambayi mahaifiyarsa ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko kunnensa yana zubar da ruwa. Mai zubar da ruwa kada a ɗiga masa manja ko ruwan ganye, mai yiwuwa dodon kunnen ya riga ya huje. Akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna.

Hedimasta: Sai ido. A samo allon gwajin ido mai harafin E, a manna inda haske yake, yaro ya tsaya mita 6, a rufe ido ɗaya. Da yatsu zai nuna inda ƙafafun E suka fuskanta, ba sai ya iya karatu ba. Wanda ya kasa gane layin da aka yi wa alamar 6/12 a allon yana buƙatar likita. Ki kula da mai matse ido, da mai kwafa daga littafin maƙwabcinsa maimakon allo. Zabiya kuma benci na gaba, nesa da hasken taga.

Malamin ilimi na musamman: In kunne da ido lafiya, sai a koma kan karatun. Juya b da d ba abin tsoro ba ne kafin shekara bakwai. Bayan nan a ware masa minti 10 kullum, baƙaƙe biyu kacal, ya zana su da yatsa a farantin rairayi yana furtawa. Kuskuren da ake yi shi ne koyar da b, d, ɓ, ɗ a mako ɗaya, sai su cakuɗe masa. A raba su. Ki rubuta abin da ya iya kowace Juma'a har mako shida. Bulala kuwa tsoron littafi kawai take ƙara masa.

Ma'aikaciyar lafiya: Na manta. Yaron da yake ƙura ido shiru na 'yan daƙiƙu, alli a hannu, ya dawo bai san an yi ba, wata irin farfaɗiya ce mai yiwuwa, kuma tana da magani.

Malamar aji biyu: Allah ya saka. Iyayen fa? Wasu da sun ji sai su cire yaron.

Hedimasta: Kada ki ba abin suna, Malama, wannan aikin likita ne. Faɗa musu abin da kika gani, misali: ba ya ji ta hagu. Ki fara da abin da ya iya, kuma ki nemi mahaifin ya zo, tunda yawanci shi zai ba da izinin zuwa asibiti.