Ƙanun na Ibn Sina: tsohon bugun Bulaƙ zan saya ko sabon?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana ɗakin littattafai, sai gara ta shiga juzu'i na biyu na Al-Ƙanun fiɗ Ɗibb, littafin magani na Ibn Sina, ta huda shi tun daga bango har tsakiya. Littafin da na fi ganinsa da shi ke nan bayan la'asar, shi ya sa raina bai kwanta ba sai na mayar da shi. Na shiga Kasuwar Kurmi na tarar da iri biyu. Ɗaya hoton tsohon bugun maɗaba'ar Bulaƙ ta Masar ne, juzu'i 3, rubutu a cunkushe, wasu haruffan ma tawada ta toshe musu ciki. Ɗayan sabo ne, bugun kwamfuta, takarda fara tas, bango da ruwan zinare. Kuɗin ɗaya kawai nake da shi. Wanne zan ɗauka? Na kuma ga Kashfuz Zunun a gefe, shin zai amfane ni?

Wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa malam. Ɗauki na Bulaƙ, ɗana. An buga shi a Alƙahira a shekarar 1294 bayan Hijira, wato 1877, kuma har yau masu bincike da dama da lambar shafinsa suke kafa hujja. Idan ka ga an ce juzu'i na 1 shafi kaza, kana buɗewa za ka tarar da maganar a wurin. Hoto ba ya ƙara kuskure, abin da ke cikin na asali shi zai ba ka. Sabon bugu kuwa, in ba a rubuta sunan mai tahƙiƙi, wato wanda ya tantance nassin, da rubuce-rubucen hannun da ya gwada ba, yawanci Bulaƙ ɗin aka kwafa, aka ɗora kurakuran mai buga kwamfuta a kan na da. A littafin magani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin sunayen tsirrai da yawa daga Yunananci da Farisanci suka shigo, ɗigo ɗaya ya goce suna ya zama wani abu dabam.

Wata ma'aikaciyar ɗakin karatu:
Na yarda da malam, amma ƙanena ka duba idonka. Bulaƙ ba wasali, ba sakin layi, shafi ɗaya sai ya ci maka rabin awa. Kafin ka biya, ka zauna a shagon ka bi lambobin shafi, ka duba ƙasan kowane shafi, domin wani hoton yakan yanke layin ƙarshe. Maganar gara kuma, ka ɗaga littattafan daga ƙasa, ka raba kantar da jikin bango.

Wani mai haɗa magani:
Don Allah kada wanda ya ɗauki littafin nan ya haɗa wa mara lafiya magani da shi. Ibn Sina ya rasu a Hamadan a 1037. Awonsa da dirhami da misƙali ne, kuma ilimin ya ginu ne a kan ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa. A karanta don sanin yadda magabata suka yi tunani, ciwo kuma a kai shi asibiti.

Malamin jami'ar ya dawo:
Na manta da Kashfuz Zunun. Na Haji Khalifa ne, mutumin Istanbul da ya rasu a 1657, ya jera sunayen littattafai sama da 14,000 bisa haruffa, da marubutansu da waɗanda suka yi musu sharhi. Buɗe Ƙanun a ciki, za ka ga masu sharhinsa da masu taƙaita shi, irin su Ibnun Nafis. Nemi hoton bugun Istanbul na 1941. Sai dai ya riga malaman Sakkwato da nisa, ba za ka ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a ciki ba, ko da yake ya yi rubutu a kan magani. Nasu sai a kundin John Hunwick na 1995, wanda ya jera rubuce-rubucen Larabci na malaman yankinmu.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ɗazu na ɗauko juzu'i na ɗaya na Baba, na ga ya yi ta rubutu da fensir a gefen shafi, yana cewa a duba juzu'i na biyu shafi kaza. Nasa ma Bulaƙ ne. Gobe da safe in sha Allahu zan koma Kurmi da shi a jaka, in gwada shafukan kafin in biya.