Waƙoƙin sun yi daɗi, wasan bai kai ba

Bayan mun kalli wani fim ɗin soyayya mai haɗe da barkwanci, mun jima muna tattaunawa, kuma kukan kowa ɗaya ne: waƙoƙin sun ratsa zuciya, amma jaruman biyu sun kasa sa mu yarda cewa suna son juna.

Shawarar da aka fi nanatawa ga masu kallo ita ce kada talla ta ruɗe su. Don tallan fim na minti biyu ake tsinto wuraren da suka fi kyau, a ɗora musu waƙar da ta fi daɗi. Wata a cikinmu ta ce takan rage sauti a wurin rabuwa ko kuka. In fuskokin ba su faɗi komai ba, to kiɗan ne ke ɗauke da nauyin. Na gwada, kuma gaskiyarta ne.

Ga masu shirya fim, an ce a riƙa gwada jaruman tare kafin a ba su aiki, ba ɗaya bayan ɗaya ba, don a ga ko jininsu ya haɗu. Barkwanci kuma lokaci yake so, jinkirin daƙiƙa ɗaya kan kashe dariya. Wani ya kare 'yan wasan, ya ɗora laifin kan raunin labari da sakacin darakta. Na yarda da rabin maganarsa.

Wanda bai kalla ba, yawancinmu mun ce ya nemi waƙoƙin ya saurara su kaɗai.