Shawarwarin masu sake buga Professor Layton

Da hira ta kai kan sake buga Professor Layton, jerin wasannin wasa ƙwaƙwalwa da kamfanin Level-5 na Japan ya fara fitarwa a 2007 a kan Nintendo DS, yawancin masu buga wasannin sun ce a bi yadda aka fito da su, a fara da Curious Village. Wasu sun zaɓi Last Specter, wanda ya fito daga baya, tunda nan Layton ya fara haɗuwa da Luke, yaron da ke taya shi. Ni dai ina bayan na farko, don komawa tsohon wasa bayan sabo yana rage armashi.

Sun kuma ce a bar shekaru su shuɗe har amsoshin su ɓace a ƙwaƙwalwa. Kada a yi gaggawar kashe tsabobin da ake sayen haske kan amsa da su a cikin wasan. A ajiye takarda da biro kusa, domin amsar kuskure tana rage maki.